Ƙurar Ƙarfen Beriliyam Da Lafiyar Ma'aikata

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kano zuwa Katsina, in ya iso Kankiya ya tsaya, ba zai rasa jin ƙarar guduma da ta injin walda a bakin hanya ba. In ya ratse wajen gabas ya nufi Kusada, nan ma haka zai tarar. Ga maƙera, ga masu zuba tukwanen alminiyam, ga masu gyaran rediyo da wayar hannu, ga kuma samari 'yan gwangwan suna yawo gida gida suna sayen tsofaffin ƙarafa. Da an kawar da amfanin gona kuwa, sai da yawa daga cikin 'yan'uwanmu su tafi cin rani Kano ko Legas, waɗansu su faɗa aikin tsinke tsofaffin injuna, waɗansu aikin ƙona waya don su fid da jan ƙarfen da ke ciki. Dukansu neman halali su ke yi, ba mai ganin laifinsu. Amma akwai wani abu guda da ke cikin kayan nan da su ke taɓawa, wanda galibinsu ko sunansa ba su taɓa ji ba, shi ne mu ke so mu yi bayaninsa a nan, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Mene Ne Beriliyam?

Beriliyam wani irin ƙarfe ne mai launin toka-toka. Ba shi da nauyi, don ko alminiyam da mu ke ganin sakayau ne ya fi shi nauyi nesa. In aka ɗauki guntun alminiyam mai nauyin awo uku, to, guntun beriliyam mai girmansa kimanin awo biyu ne. Duk da haka ya fi baƙin ƙarfe ƙin lanƙwasuwa, ba ya kuwa narkewa sai zafi ya kai digiri 1,287.

Wani masani mutumin Faransa, Vauquelin, shi ya fara gano shi a shekarar 1798, sa'ad da ya ke binciken dutsen nan mai daraja da a ke kira zumurrudu, da ɗan'uwansa beril. A 1828 waɗansu masana biyu, Wöhler a Jamus da Bussy a Faransa, suka ware shi tsantsa, ko wanne a nasa wuri. Da fari a Faransa suna kiransa da wani suna mai ma'anar zaƙi, domin gishirinsa yana da zaƙi a harshe. Masanan wancan zamani su kan ɗanɗana abin da su ke bincike, ba su san dafi su ke lasa ba.

Dutsen beril akwai shi a ƙasarmu. A kudancin Kaduna da jihar Nasarawa ana haƙo zumurrudu da akwamarin, su kuwa duka iyalin beril ne. Sai dai kada wani ya tsorata da dutsen zobensa. Beriliyam da ke cikin irin wannan dutse a ɗaure ya ke tamau, ba ya fita ya shiga jiki. Babban abin tsoro ga mahaƙa shi ne ƙurar dutsen kanta, wadda ke cin huhu ta wata hanya dabam. Inda a ke narka dutse a fid da ƙarfen ƙasashe kaɗan ne, manyansu Amurka da Sin da Kazakistan.

Amfaninsa yana da yawa. Galibi ana gauraya shi da jan ƙarfe, kamar kashi biyu cikin ɗari, sai jan ƙarfen nan mai taushi ya yi ƙarfi ƙwarai, ya riƙa lanƙwasa yana komawa ba ya gajiya, lantarki kuma yana bin sa yadda a ke so. Da wannan gauraye a ke yin 'yan ƙananan haƙoran da ke haɗa wuta cikin wayar hannu, da kwamfuta, da motoci, da jiragen sama. Da shi a ke ƙera guduma da sifana na ma'aikatan man fetur, domin ko an buga su ba su fid da tartsatsi. Ana sa shi a tagar injin hoton ƙirji na asibiti, da cikin waɗansu ƙarafan da a ke yin haƙoran sawa da su. Har babban madubin hangen taurari mai suna James Webb, wanda aka harba sama a watan Disamba na 2021, an ƙera fuskokinsa 18 da beriliyam ne, aka shafe su da zinariya.

Ba wata masana'antar beriliyam a Kankiya ko Kusada. Ta hanyar tsofaffin kaya ya ke iso mu. Abin da Turawa da mutanen Asiya suka gama amfani da shi ya kan sauka Legas, ya bi ta kasuwar Alaba, ya hauro Kano, daga nan ya watsu cikin garuruwa. Idan ya mutu sarai, sai ya koma hannun ɗan gwangwan, shi kuwa ya fasa, ya ƙona, ya sayar wa mai narkawa. A nan ne maganarmu ta ke.

Yadda Aka Gane Cutarsa

Tun a 1933 likitoci a Jamus suka ba da labarin ma'aikatan da huhunsu ya kumbura bayan sun shaƙi hayaƙin wannan ƙarfe. Amma a Amurka ba a yarda da wuri ba, har a 1943 hukumar lafiya ta ƙasar ta buga rahoto tana cewa beriliyam shi kansa ba shi da dafi. A lokacin kuwa ana ta yin dogayen ƙwayayen lantarkin nan farare, ana shafa wa cikinsu wani gari mai beriliyam don su ba da haske.

A garin Salem, cikin jihar Masacusets, sai ma'aikatan wata masana'antar ƙwan lantarki suka soma tari da rama da haki, galibinsu kuwa mata ne masu ƙuruciya. Aka yi tsammanin tarin fuka ne, aka auna ba a ga ƙwayarsa ba. Wata likita, Harriet Hardy, ta bi diddigin abin ita da abokin aikinta Irving Tabershaw, a 1946 suka buga bayanin mutum 17, suka nuna cewa garin nan da su ke shaƙa shi ne sanadi. Abin da ya ruɗa mutane shi ne waɗansu cikin majinyatan sun bar aikin da daɗewa kafin ciwon ya bayyana.

A garin Lorain na jihar Ohayo kuma aka ga abin da ya fi wannan ban tsoro. Mutanen da ba su taɓa shiga masana'anta ba, maƙwabtaka kaɗai ta haɗa su da ita, suka kamu, saboda hayaƙin da iska ke kai musu. Aka kuma sami matan aure da suka kamu don suna kakkaɓe tufafin aikin mazansu suna wankewa. A 1949 masu yin ƙwan lantarki a Amurka suka daina sa beriliyam. A 1952 likita Hardy ta buɗe littafin rajista a wani babban asibiti na Boston, inda a ke rubuta duk wanda aka samu da cutar, don a san yawansu da irin aikin da ya jawo musu.

Yadda Ya Ke Ɓarna Cikin Jiki

Riƙe wayar hannu ko sifana mai beriliyam ba ya cutarwa, muddin ƙarfen yana dunƙule. Haɗari yana tasowa ne sa'ad da aka goge shi da magagari, ko aka gurza shi da inji, ko aka yi masa walda, ko aka narka shi, ko aka ƙona shi. Nan ne ya kan zama ƙura da hayaƙi masu laushin da ido ba ya gani, su bi numfashi su wuce har can ƙarshen huhu, inda iska ke saduwa da jini.

Cutar iri biyu ce. Ta fari mai gaggawa ce, tana kama wanda ya shaƙi mai yawa a lokaci guda, huhu ya kumbura kamar na mai ciwon haƙarƙari. Wannan ta yi ƙaranci yanzu a inda a ke kiyaye doka. Ta biyu ita ce mai sanɗa, ita ce kuwa ta fi wuyar sha'ani.

Ga yadda ta ke. Cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, aikinsu tsaron jiki, kamar yadda dogarai ke tsaron gari. In baƙon abu ya shigo, su kan kewaye shi su hallaka shi. A jikin waɗansu mutane, ƙwayoyin nan su kan ɗauki ƙurar beriliyam a matsayin maƙiyi, su taru a kanta. To, ƙarfe ba ya mutuwa, ba ya kuma narkewa da sauri, saboda haka yaƙin ba ya ƙarewa. Sai su yi ta taruwa suna yin 'yan ƙulle-ƙulle cikin huhu, a kwana a tashi wuraren su zama tabo, huhun da ke da laushi kamar soso ya taurare, ya kāsa miƙa iska ga jini. Ashe masu tsaron garin ne da kansu suka rushe shi garin neman ɓarawo.

Ba kowa ne jikinsa ke yin haka ba. Cikin ma'aikata ɗari, kaɗan ne su kan kamu, masana kuma sun gano cewa akwai wata alama ta gado da ke sa wani ya fi wani saurin kamuwa. Wannan shi ke yaudarar mutane. Sai ka ji wani ya ce, ai shekara ashirin ya yi yana aikin bai ga kome ba. Gaskiyarsa, amma yaron da ke zaune kusa da shi yana miƙa masa kaya, wata 'yan watanni sun ishe shi. Ba kuwa mai iya duban fuskar mutum ya san ko wane iri ne shi.

Har wa yau cutar tana iya ɓoyewa shekara goma, ko ashirin, ko fiye, bayan mutum ya bar aikin. Alamunta su ne busasshen tari, da haki in an yi 'yar tafiya ko an hau tudu, da gajiya, da rama, da zazzaɓi, da gumin dare. Duk wanda ya san tarin fuka zai ga alamun nan kusan ɗaya ne, don haka a ƙasa irin tamu, inda tarin fuka ya yi yawa, da sauƙi a ɗauki wannan a madadin wancan, mutum ya sha magani wata shida bai ga sauƙi ba. Akwai awon jini na musamman da ke nuna ko jikin mutum ya soma faɗa da beriliyam, sai dai likita ba zai nemi a yi shi ba in bai san irin aikin da majinyaci ya yi ba.

In ƙurar ta shiga rauni kuma, wurin ya kan yi ƙullutu ko gyambo mai ƙin warkewa, sai an yanke an fid da ita. A 1993 hukumar binciken sankara ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa beriliyam cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna jawo sankara ga ɗan Adam, musamman ta huhu. Ita kuwa cutar mai sanɗa ba a sami maganin da ke raba mutum da ita ba. Akwai magungunan da ke kwantar da faɗan nan na ƙwayoyin jini, su jinkirta ɓarnar, in abin ya yi nisa kuma a riƙa ba majinyaci iska ta tukunya. Tabon da ya riga ya zauna, ya zauna ke nan.

Ɗan Hakin Da Ka Raina

Yanzu bari mu duba ƙanƙantar abin da ke wannan ɓarna. A 1949 hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta yanke cewa kada ƙurar beriliyam a wurin aiki ta wuce maikirogiram 2 cikin iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya. Maikirogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan, a ɗauki ɗaya. An yi kusan shekara saba'in ana bin wannan ƙa'ida, ma'aikata kuwa ba su daina kamuwa ba. A 2017 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta rage shi sau goma, ya koma 0.2 a aikin sa'a takwas.

Don mu gane, mu ɗauki ƙwayar gero guda. In da za a iya raba ta gida wajen 40,000, to, ɗaya daga ciki shi ne kimanin abin da aka yarda ya kasance cikin iskar akwatin nan. Wannan ba ya sa ido yaji, ba ya wari, ba ya sa atishawa. Mutum zai ga sararin rumfarsa garau, alhali kuwa ta wuce ƙa'ida ninkin ba ninkin.

Abin Da Ya Faru A Zamfara

Kada mu ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga irinsa, ko da ya ke nasu ƙarfen dalma ce. A 2010 aka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, da Abare, da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Da Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa da sauran masana suka bincika, sai aka tarar duwatsun zinariya da a ke haƙowa cike su ke da dalma. Maza suna kawo su gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma suka bukaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin wannan ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta jihar Neja.

Dalma da beriliyam ba hanya ɗaya su ke bi cikin jiki ba, ita ta fi taɓa ƙwaƙwalwa da jini, shi kuwa huhu. Amma ta ƙofa ɗaya suka shiga gida. Matar Lorain mai kakkaɓe rigar mijinta da matar Dareta mai daka dutse a turminta, dukansu ƙurar wurin aiki ce ta iske su a ɗaka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyoyin Tsaro

Na fari, a san abin da a ke taɓawa. Guduma ko sifana mai launin tagulla da ta fito daga wajen ma'aikatan mai, sau da yawa a kan buga mata haruffan BeCu ko CuBe. Wanda ya ga haka kada ya wasa ta, kada ya narka ta. 'Yan haƙoran jan ƙarfe masu tauri da ke cikin kayan lantarki, da wani farin abu mai kama da tangaran da ke cikin manyan injunan watsa rediyo, a ware su a dunƙule, a sayar wa masu injin da ya dace. Mai zuba tukwane kuma ya tsaya ga alminiyam da ya sani, kada ya jefa ko wane tarkace cikin wuta.

Na biyu, a daina ƙona waya da allunan cikin rediyo da kwamfuta. A feɗe waya da wuƙa ko da ɗan injin feɗewa. Jan ƙarfen da aka feɗe ma ya fi wanda aka ƙona tsabta, hayaƙin ƙonawa kuwa yana ɗauke da dalma da waɗansu dafi ban da wanda mu ke magana.

Na uku, ruwa. Ƙura in ta jiƙe ba ta tashi. A riƙa zuba ruwa sa'ad da a ke gurza ko yanka, a yayyafa kafin shara, a goge teburin aiki da jiƙaƙƙen tsumma. Al'adar nan ta hure ƙura da baki, ko da iskar injin faci, a bar ta.

Na huɗu, iska. A yi aikin narka da walda a fili, nesa da gidaje da masu sayar da abinci, mai aiki ya tsaya ta inda iska ke fitowa don ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi. Babbar masana'anta kuwa wajibi ne ta sa injin zuƙe ƙura a daidai bakin inda ta ke tashi.

Na biyar, takunkumi. Rawani ko ƙyalle da a ke rufe hanci da shi yana tare ƙurar hunturu mai kauri, amma wannan mai laushi wucewa ta ke yi. Sai takunkumi na musamman mai matata, wanda ya kama fuska ba ya barin kafa. Shi ma taimako ne bayan an yi waɗancan na sama, ba ya isa shi kaɗai.

Na shida, kada a kai ƙura gida. A keɓe rigar aiki, a tuɓe ta a wurin aiki, a jiƙa ta kafin a wanke, kada a ba iyali su kakkaɓe. A wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci abinci ko goro, a rufe ko wane rauni. Yara ƙanana kuma a nisanta su daga wurin narka da gurza, ko da masu koyon sana'a ne.

Na bakwai, wanda tari ya wuce masa mako biyu ya tafi asibiti. Awon tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don haka. In ya je, ya gaya wa likita dukan ayyukan da ya taɓa yi, har na cin ranin da ya yi shekara goma sha biyar da suka wuce. Muna kuma roƙon ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, in sun fita aiki su riƙa tambayar ko wane mai tari, "Malam, mece ce sana'arka, da can kuma wane aiki ka yi?" Tambayar nan ba ta cin ko kwabo, ita ce kuwa ta buɗe wa likita Hardy hanya.

Haƙƙin Ma'aikaci

Nauyin tsaron nan ba a kan ma'aikaci kaɗai ya ke ba, mafi yawansa na kan mai wurin aiki ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da jerin cututtukan da aiki ke jawowa, wanda ta sabunta a 2010, cutar beriliyam kuwa ita ce ta fari a cikinsa. A Nijeriya akwai dokar masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta wa masu masana'anta su kāre ma'aikata daga ƙura da hayaƙi masu cutarwa. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da su ke biya a wani asusu, don a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki.

Sai dai galibin 'yan'uwanmu da mu ke magana a kansu ba su da takardar ɗauka aiki, ba mai rubuta sunansu a ko ina. Ɗan gwangwan in huhunsa ya lalace, gida zai komo, ya zauna a zaure yana haki, gonarsa ta rasa mai noma, 'ya'yansa su bar makaranta. Saboda haka sarakunan sana'a, watau sarkin maƙera da shugabannin 'yan walda da na 'yan gwangwan, su ne za su iya abin da doka ba ta kai gare shi ba. In suka taru suka hana ƙona waya cikin gari, suka keɓe fili a bayan gari, suka haɗa kuɗi suka sayi injin feɗe waya da takunkumai, to, an yi rabin aikin. Hakimai da dagatai in sun sa baki, sauran zai zo da sauƙi.

Mu kuma malaman makaranta, yaran da ke gabanmu yau su ne masu walda da masu gyaran waya na gobe, waɗansunsu ma tun yanzu da an tashi makaranta rumfar iyayensu su ke nufa. In mun koya musu cewa ƙurar da ba a gani tana iya kisa, su kuma za su kai maganar gida. Allah ya ba ma'aikatanmu lafiya, ya sa su ci moriyar guminsu. Amin.